Agogon da ya tsaya shekara 42: tarihin gidan A. Lange & Söhne

Kusan duk wani gida da ke ƙera agogo masu tsada a duniya yana tinƙaho da shekarar da aka kafa shi. Vacheron Constantin na kirari da 1755, Patek Philippe da 1839, Audemars Piguet kuma da 1875. Shekarar ita ce hujjar da suke kafawa idan an tambayi dalilin da zai sa agogon hannu ya yi kuɗin gida. Gidan A. Lange & Söhne na ƙasar Jamus shi ma yana da tasa shekarar, wato 1845, amma a tsakiyar tarihinsa akwai wani wagegen giɓi da sauran ba su da shi. Daga 1948 zuwa 1990 babu kamfanin iyalan Lange a Jamus. Bam ya rusa ma'aikatarsa, an kwashe injinansa, gwamnati ta ƙwace abin da ya rage, sannan sunan ya ɓace daga fuskar agogo.

Duk da haka, a yau masana na sanya agogon Lange a sahu ɗaya da mafi daraja na Suwizalan. Wannan ya sa labarinsa ya dace da tambayar da masu tallar kayan alatu ba su cika son a yi musu ba: idan gini ya rushe, injina suka salwanta, suna ya ɓace har tsawon rayuwar tsara guda, mene ne ainihin abin da aka gada?

Garin da azurfarsa ta ƙare

Glashütte ƙaramin gari ne a cikin kwarin kogin Müglitz, kimanin kilomita 30 kudu da birnin Dresden, a yankin Saksoni. Shekaru aru-aru mutanensa na rayuwa da haƙar azurfa. Da ma'adinin ya ƙare, sai talauci ya yi wa garin katutu, har ta kai yawancin gidaje na dogara da ɗan noma a kan duwatsu da saƙar kara.

Mutumin da ya canza wa garin alƙibla haifaffen Dresden ne. An haifi Ferdinand Adolph Lange ranar 18 ga Fabrairu 1815, ya kuma koyi sana'a a hannun Johann Christian Friedrich Gutkaes, wanda daga baya ya zama maƙerin agogon fadar Sarkin Saksoni kuma surukinsa. A 1837 Lange ya fita neman ƙarin ilimi. Ya yi shekaru a Paris yana aiki a wurin Joseph Thaddäus Winnerl, gwanin agogon jiragen ruwa, ya kuma leƙa Ingila da Suwizalan. Ya dawo gida da kundi cike da zane da lissafi.

A 1841 aka kafa wani agogo a saman dandamalin gidan wasan waƙe na Semper da ke Dresden, aikin shagon Gutkaes, wanda Lange ya sa hannu a ciki. Agogon ba shi da allura. Tagogi biyu ne, ɗaya na nuna awa, ɗayan na nuna minti biyar-biyar da manyan lambobi, yadda wanda ke kujerar ƙarshe ma zai karanta a cikin duhu. Mai karatu ya riƙe wannan agogo a zuciya, domin zai sake bayyana bayan shekara 153.

Lange ya rubuta wa gwamnatin Saksoni yana neman rance, da alkawarin zai kai sabuwar sana'a yankin da ke fama da fatara. Bayan jeka-ka-dawo aka amince. Ranar 7 ga Disamba 1845 ya buɗe shago a Glashütte da 'yan koyo 15, matasan da ba su taɓa riƙe abin da ya fi ƙusa ƙanƙanta ba.

Abin da ya yi da waɗannan matasa ya fi kowace ƙirƙira tasa muhimmanci. Bai riƙe su a matsayin yaran shago na har abada ba. Ya horar da kowanne a kan fanni guda, wannan a kan allurai, wancan a kan haƙoran inji, wani a kan gidan agogo, sannan ya ƙarfafa musu gwiwar buɗe nasu shagunan su riƙa sayar masa da kayan. Abokan sana'arsa irin su Julius Assmann da Adolf Schneider da Moritz Grossmann suka zo suka kafa nasu kamfanonin. A 1878 Grossmann ya jagoranci buɗe makarantar koyon ƙera agogo a garin. Shi kuwa Lange ya riƙe muƙamin magajin gari shekara 18, daga 1848 zuwa 1866. A taƙaice, ilimin bai taru a ƙarƙashin rufi ɗaya ba, ya bazu a gari. Wannan ne zai cece shi daga baya.

Yadda ƙarfe ke ƙirga lokaci

Kafin a fahimci ƙirƙire-ƙirƙiren Lange, sai an san abin da ke gudana a cikin agogon da ba ya amfani da batir. Tushen ƙarfinsa sifirin ne dogo, naɗe a cikin ƙaramin gwangwani. Idan aka murɗa kan agogo, abin da iyayenmu ke kira yi wa agogo wani, sifirin ya ɗaure. Yayin da yake warwarewa, sai ya tura jerin faya-fayai masu haƙora, su kuma su juya allurai. Da za a bar shi haka, da ƙarfin ya zube cikin daƙiƙu kaɗan. Don haka aka sa masa mai tsaron ƙofa, wani ɗan ƙarfe mai baki biyu da ke sakin haƙori ɗaya a lokaci guda. Wanda ke ba mai tsaron ƙofa umarni shi ne ƙafar lilo, zobe mai kai da komowa a kan wani siririn sifirin da bai fi gashin kai kauri ba. A yawancin agogon Lange na yau, ƙafar lilon na bugawa sau 21,600 a awa, wato sau 6 a daƙiƙa, sau 518,400 a kwana guda. Kuskure kaɗan a kowane bugu kan taru ya zama mintuna a mako. Duk tarihin wannan sana'a kokawa ce da wannan ɗan kuskure.

Gudummawar Lange ta farko ita ce awo. A zamaninsa maƙeran agogo na amfani da tsohon ma'aunin Faransa mai wahalar rabawa. Shi ya koma kan milimita, ya ƙera na'urorin awo da ke kama kashi ɗaya cikin ɗari na milimita. Amfanin wannan a fili yake: wanda ke yanka haƙori a wannan shago da wanda ke huda faranti a wancan za su iya yin aikin da zai haɗu ba tare da sun ga juna ba.

Ta biyu ita ce farantin kashi uku cikin huɗu, wanda ya kammala a 1864. A tsarin Suwizalan, kowane faifai na da ƙaramar gadarsa da ke riƙe shi. Lange ya haɗe su a ƙarƙashin faffaɗan faranti guda da ya rufe kashi uku cikin huɗu na injin. Hakan ya hana sassan motsawa daga mazauninsu, ya rage shigar ƙura, ya ƙara wa agogo ƙarko. Wahalarsa na kan mai haɗawa, domin dole duk sandunan su faɗa ramukansu a lokaci ɗaya. Har gobe wannan faranti shi ne tambarin agogon Glashütte.

A 1868 ɗansa Richard ya shiga kamfanin, sunan ya koma A. Lange & Söhne, ma'ana Lange da 'ya'yansa. Ƙanensa Emil ya biyo baya. Mahaifin ya rasu ranar 3 ga Disamba 1875 yana da shekara 60. A hannun 'ya'yan ne sunan ya ƙetare iyaka. A 1898, lokacin da Sarkin Jamus Wilhelm na biyu ya kai ziyara Santambul, cikin tsarabar da ya kai wa Sultan Abdulhamid na biyu na Daular Usmaniyya har da agogon aljihu na Lange mai ado da duwatsu masu daraja. A 1902 suka ƙera agogon aljihu mai lamba 42500, mai sassa 833, wanda ke kaɗa ƙararrawar lokaci, yana auna tsere, yana kuma bin kalanda ba tare da ya ruɗe da gajertar Fabrairu ba. Richard, da tsufansa, ya gano cewa ƙara ɗan sinadarin beriliyam a cikin ƙarfen siririn sifirin na inganta shi, ya kuma yi rajistar wannan a farkon shekarun 1930.

Yaƙi, bam da ƙwace

Babin da ya biyo baya ba ya cikin waɗanda ake ƙawata takardun talla da su. A Yaƙin Duniya na Biyu, Lange na cikin kamfanoni biyar da suka ƙera wa sojojin saman Hitler manyan agogon hannu masu faɗin milimita 55, waɗanda ake lissafin hanya da su a cikin jiragen yaƙi. Sauran su ne IWC da Laco da Stowa da Wempe. Kamar sauran masana'antun Jamus na wancan lokaci, ma'aikatun Glashütte sun yi amfani da ma'aikatan tilas. Daidaiton da aka shekara ɗari ana nema ya ƙare a hannun masu jefa bam.

Ranar 8 ga Mayu 1945, ranar ƙarshe ta yaƙin a Turai, jiragen Tarayyar Sobiyet suka yi wa Glashütte ruwan bama-bamai, babban ginin ma'aikatar Lange ya rushe. Sojojin mamaya suka kwance injinan da suka tsira suka tafi da su a matsayin diyyar yaƙi. Iyalan suka fara farfaɗowa da ɗan abin da ya saura, amma a 1948 hukumomin yankin da Sobiyet ke iko da shi suka ƙwace kamfanin. A 1951 aka narkar da shi tare da sauran kamfanonin garin cikin ma'aikatar gwamnati guda, wadda aka fi sani da GUB.

Walter Lange, tattaɓa-kunnen wanda ya kafa gidan, an haife shi a 1924, ya koyi sana'ar, ya je yaƙi ya dawo da rauni. A 1948, da ya ga ana shirin tura shi aikin tilas a mahaƙar yuraniyam, sai ya tsere zuwa Jamus ta Yamma. Ya zauna a Pforzheim yana harkar agogo, yana kallon garinsu daga nesa.

A nan ne tarihi ya yi wani juyi mai ban mamaki. A ranar Kirsimetin 1969 kamfanin Seiko na Japan ya fito da Astron, agogon hannu na farko mai batir da ƙwayar ma'adini a kasuwa. Irin wannan agogo a yau ƙwayarsa na girgiza sau 32,768 a daƙiƙa, ya fi kowane agogon sifirin daidaito, kuma nan da nan ya yi araha. Masana'antar Suwizalan ta durƙushe. Ma'aikatanta sun ragu daga kimanin 90,000 a 1970 zuwa kusan 30,000 a tsakiyar shekarun 1980, ɗaruruwan kamfanoni suka rufe. A bayan labulen gurguzu kuwa, GUB ta ci gaba da ƙera agogon sifirin masu sauƙin kuɗi shekaru da dama, ta ci gaba da ɗaukar 'yan koyo, ta ci gaba da riƙe maƙeran kayan aiki. Gwamnatin da ta kashe sunan ita ce ta ciyar da hannayen da za su tayar da shi.

Dawowar dattijo

Katangar Berlin ta faɗi ranar 9 ga Nuwamba 1989, Jamus ta haɗe ranar 3 ga Oktoba 1990. Ranar 7 ga Disamba 1990, shekara 145 cif bayan buɗe shagon farko, Walter Lange ya yi rajistar sabon kamfani a Glashütte. Yana da shekara 66, shekarun da tsararrakinsa ke ajiye aiki. Ba shi da gini, ba shi da inji, ba shi da ko agogo guda na nunawa.

Abin da yake da shi shi ne suna, da kuma abokin tafiya. Günter Blümlein, wanda ke jagorantar IWC da Jaeger-LeCoultre a Suwizalan, ya kawo jari da dabarar kasuwanci. Suka ɗebi ma'aikata daga cikin waɗanda GUB ta horar, a daidai lokacin da rugujewar tattalin arzikin Jamus ta Gabas ke jefa su cikin rashin aiki, aka tura wasu Schaffhausen su ga yadda ake aiki da injinan zamani.

Shawara mafi nauyi da suka yanke ita ce ƙin kwaikwayon tsofaffin agogon gidan. Tambayar da suka ɗora aikinsu a kai ita ce irin agogon da gidan zai ƙera a yau da a ce bai taɓa tsayawa ba. Ranar 24 ga Oktoba 1994, a fadar sarakunan Dresden, suka gabatar da samfura huɗu: Lange 1, Arkade, Saxonia da Tourbillon Pour le Mérite. Agogo 123 suka kawo, dillalai suka raba su kaf.

Lange 1 ya saɓa wa abin da ido ya saba. Da'irar awa ta koma gefen hagu, ta daƙiƙa ta sauka ƙasa, ga allurar da ke nuna sauran ƙarfin sifirin, kuma babu wadda ta hau kan wata. A sama ta dama akwai tagogi biyu masu nuna kwanan wata da manyan lambobi, waɗanda aka ɗauko siffarsu daga agogon gidan wasan Semper na 1841. Shi kuwa Pour le Mérite ya ɗauko wata tsohuwar dabara ta agogon jiragen ruwa ya cusa ta cikin agogon hannu a karon farko. Matsalar sifirin ita ce ƙarfinsa na raguwa yayin da yake warwarewa. Maganin shi ne sarƙa mai sassa fiye da 600 da ke naɗe a kan wani mazugi. Lokacin da sifirin ke da ƙarfi, sarƙar na ja ta wajen tsinin mazugin, idan ya raunana sai ta ja ta wajen faɗinsa, kamar yadda mai keke ke canza giya a kan tudu. Ta haka ƙarfin da ke isa ga ƙafar lilo ba ya canzawa.

A 1999 aka fito da Datograph, agogon auna tsere da aka zana injinsa aka kuma ƙera shi a gida, a lokacin da manyan gidajen Suwizalan da dama ke sayo irin wannan inji daga wasu kamfanoni su ƙawata shi. Wannan agogo ne ya sa aka daina kallon Lange a matsayin baƙo. Wasu suka biyo baya: Lange 31 a 2007, wanda wani guda ke riƙe shi kwana 31, da Zeitwerk a 2009, mai nuna awa da minti da lambobi masu tsalle maimakon allura.

Akwai al'adu biyu na aiki da suka bambanta gidan. Na farko, kowane inji sau biyu ake haɗa shi. Farantansa na wani gaurayen jan ƙarfe da nikel da zinki ne da ba a shafa masa komai, wanda ko taɓawar yatsa kan bar masa tabo. Don haka a haɗin farko ake daidaita komai, sannan a wargaza, a wanke, a yi adon ƙarshe, a sake haɗawa da sukurorin da aka gasa har suka yi shuɗi. Na biyu, ƙaramar gadar da ke riƙe ƙafar lilo da hannu ake sassaƙa mata fure, kuma masu sassaƙar kan gane aikin junansu kamar yadda ake gane rubutun hannu.

To, me aka gada?

Mai shakka na da hujjoji masu ƙarfi. A shari'ance, kamfanin 1990 sabo ne. Jarinsa daga waje ya zo, kuma tun shekara ta 2000 mallakin rukunin Richemont ne, wanda attajirin Afirka ta Kudu Johann Rupert ke jagoranta. Ma'aikatar GUB, wadda ita ce ta ci gadon gine-gine da ma'aikata kai tsaye, ta koma hannun 'yan kasuwa da sunan Glashütte Original, kuma tana da nata iƙirarin a kan tarihin garin. Ƙari a kan haka, agogon batir na 'yan kuɗi kaɗan ya fi agogon Lange faɗin lokaci daidai, alhali a 2013 kamfanin ya fito da wani samfuri guda shida kacal, kowanne a kan kusan Yuro miliyan biyu. Wanda ya ce ana sayar da labari ne tare da ƙarfe bai yi ƙarya ba.

Sai dai hujjar ba ta kai ƙarshen zance ba. Suna kaɗai ba ya huda faranti. An sha sayen tsofaffin sunayen agogo a manna su a kan injin da aka sayo daga wani wuri, kuma yawancinsu ba su yi nisa ba. Abin da ya sa na Lange ya tsaya shi ne cikin shekara huɗu kacal an samu mutanen da za su iya zana injina sababbi su kuma ƙera su a ƙaramin gari mai mutum dubu kaɗan. Waɗannan mutane ba daga sama suka faɗo ba. Malamansu sun koya daga malaman da suka koya a makarantar 1878, wadda ita ma ta tsiro daga shawarar da wani mutum ya yanke a 1845 ta raba iliminsa ga 'yan koyo 15 ya kuma bar su su tsaya da ƙafafunsu. Gwamnatin Jamus ma ta yarda cewa darajar ta gari ce, domin tun 2022 doka ta tanadi cewa ba a rubuta Glashütte a fuskar agogo sai an samar da aƙalla rabin ƙimar aikinsa a can.

Blümlein ya rasu a 2001 yana da shekara 58, bai ga yawancin abin da ya shuka ba. Walter Lange ya rayu har zuwa 17 ga Janairu 2017, ya rasu yana da shekara 92. A shekarar da ta biyo baya aka yi gwanjon wani agogo guda ɗaya tak da aka ƙera da baƙin ƙarfe don tunawa da shi, aka ba da kuɗin ga gidauniyar tallafa wa yara. A cikinsa akwai allurar daƙiƙa mai tsalle da ake iya tsayarwa a kuma sake tayarwa, dabarar da kakan mahaifinsa Ferdinand Adolph ya fara zanawa a 1867, wadda Walter ya daɗe yana roƙon injiniyoyin kamfanin su dawo da ita. Kamfanin kuwa, tun 1997 yake da tasa makarantar, inda a kowace shekara ake ɗaukar sababbin 'yan koyo a zaunar da su a gaban teburin aiki, a fara koya musu riƙe zarto.